Haƙoran Bakasul

Motar Kawu ba ta taɓa ba shi kunya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba. A-kori-kura ce tsohuwa, fentinta ya koɗe har ba mai iya rantsuwa a kan launinta na asali, ƙofar direba ma sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa. Amma in ta hau kwalta ta ga sarari, sai ta miƙe kamar an yi mata albishir, injin yana gunaguni ƙasa-ƙasa ba hayaniya. Da ita yake ɗaukar bulo daga inda ake bugawa zuwa wuraren gini. Da ita kuma yake kai matarsa, Innar yara, ganin autansu a gidan yari sau ɗaya a wata.

Shi Auta faɗa ya yi da abokin aikinsa a wurin walda, ƙarfe ya shiga tsakani, alƙali ya yanke masa shekaru, aka kai shi wani gidan yari mai nisan gaske. Ranar ziyara ɗaya ce a wata, kuma da rana ta take tsaka ake rufe ƙofa, ko kai wane ne. In sun tashi da sanyin safiya, motar takan kai su da sauran lokaci, har Inna ta samu ta zauna ta ƙare wa ɗanta kallo ta yi masa faɗan ramewa. Motar haya kuwa sun taɓa gwadawa. A bakin babbar hanya ake sauke mutum, sauran tafiyar ta ƙafa ce, ga gwiwoyin Inna sun daɗe da ajiye aiki. Da suka dawo sai da ta yi kwanaki ba ta taka ƙasa ba.

Ana nan sai gari ya cika. Filayen ƙasa suka ƙare, duk mai son gini ya koma kan tudu, bayan babban tankin ruwa. Hanyar da ke hawa can ba ta san sauƙi ba. Ta miƙe tsaye, ta yi wata muguwar kwana a gindin katangar tankin, ta sake miƙewa. Ranar da Kawu ya fara tunkarar ta da cikakken lodi, motar tana isa kwanar nan ta soma kakari. Ya sa giya ɗaya, ya taka totur har ƙasa, ya ɗan riƙe kuloci yana lallashin ta. Ƙauri ya cika masa hanci. Sai ta ja numfashi ta tsaya, ta fara zamewa baya a hankali. Ba don leburorin da ke saman kaya sun diro sun cusa duwatsu a bayan taya ba, da wani labarin ake yi yanzu.

Tun daga ranar ya koma raba lodi biyu. Ya sauke rabi a gindin tudu, ya hau da rabi, ya dawo ya kwashi saura. Magina kuwa sun kwaɓa siminti yana bushewa, suna zaune suna ta kiran Mai Bulo, wanda Kawu ke yi wa dako, a waya.

Mai Bulo ba mugun mutum ba ne, shi ya sa maganarsa ta fi ciwo. Ya sa aka kashe injin buga bulo don su ji juna, ya jawo wa Kawu benci da hannunsa.

"Kawu, ni da kai ba yau ba. Tun ina sa gajeren wando kake ɗaukar wa mahaifina kaya. Amma magina sun cinye mini kunne. Kuma akwai wani mai sabuwar mota da ke ta zarya yana gaishe ni, gaisuwar har ta fara yawa. Ban amsa masa ba tukuna."

"Ranka ya daɗe, motar lafiyarta ƙalau. Tudun ne ba shi da mutunci."

"To tudun zan sallama?" Ya yi dariya, dariyar ba ta daɗe ba. "Ka duba yadda za ka yi kafin mu fara ginin makarantar can sama. Wannan aikin ba ya son rabi-rabi."

Kawu ya ce to.

Garejin da yake kai gyara na wani tsohon bakanike ne da direbobi ke kira Likita, saboda kafin ya taɓa mota sai ya kara dogon sukundireba a kunne ya saurari cikinta. Ya saurari ta Kawu, ya taɓe baki, ya sa aka ɗaga tayoyin bayanta duka biyu a kan jak. Sannan ya kwanta a kan wani baƙin kwali ya kira Kawu ya leƙo.

"Ka ga wannan kwanon da ke tsakiyar bakasul, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya? A cikinsa akwai babban faranti mai haƙora, da wani ɗan ƙarami da ke juya shi. Su ke yanke wa mota rabonta, ko gudu ko ƙarfi. Bari mu tambaye ta nata rabon."

Ya ɗauko alli ya ja layi a jikin taya, ya ja wani a jikin farfela, dogon ƙarfen nan da ke kawo juyi daga giya zuwa baya. Kawu ya kama taya ɗaya, wani direba da ke jiran gyara ya kama ɗayar, suka juya tare a hankali har layin ya dawo inda ya taso. Likita yana ƙasa yana ƙirga juyin farfela da ƙarfi kamar mai karɓar haihuwa.

"Uku da rabi, da ɗan ɗoriya." Ya fito yana kakkaɓe baya. "Taka 'yar gudu ce. Wanda ya ƙera ta bai san katangar gidan mutane za a riƙa ɗora mata ba."

"To maganin fa?"

"Akwai wata bas da ta yi haɗari, tana wajen masu tsofaffin kaya. Gabanta ya tafi, bayanta lafiya lau. Haƙoranta za su shiga kwanonka daram. Ita farfelarta sai ta juya kusan sau biyar kafin taya ta zaga. In na sa maka, tudun nan za ka hau shi kana sakace."

"Sa mini."

"Tsaya mana, ɗan'uwa, ban gama ba. Abin da ka samu a tudu, a doguwar hanya za ka biya shi. Gudun da take yi yanzu tana hamma, sai ta yi shi tana kururuwa. Kuma injinka, tsakani da Allah, tsaranmu ne. In ka matsa masa zai yi zafi. In ka ƙi ji ya kwanta, kwanciyar da ba tashi."

"To ka gyara injin."

Likita ya dube shi, ya dubi takalmin da ke ƙafar Kawun wanda aka ɗinke da waya, ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Kawu ma ya janye maganar da kansa.

"Babu na tsaka-tsaki? Wanda zai ɗan ja, ya ɗan gudu?"

"Akwai, a ƙasar da aka ƙera ta. Nan kam na zaga, abin da na samu ke nan."

Kawu ya sosa ƙeya. Can wata dabara ta zo masa, har fuskarsa ta washe.

"To ga shawara. Ka sa mini na ƙarfin. In ranar tafiyarmu ta zo sai ka mayar da nawa, in mun dawo ka sake canzawa."

Direban da ya kama taya ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Likita bai yi dariya ba, don ya san inda ake zuwa ranar tafiyar.

"Riga ce, Kawu? Haƙoran nan aure ake ɗaura musu. Sai na shafa musu jan fenti, in juya, in ga inda suke cizon juna, in ƙara siririn ƙarfe nan in rage can, wuni guda cur. In ana kwancewa ana ɗaurawa, kafin ka ankara sun cinye juna. Ban da haka, mai kayan musaya yake yi. Sai ka ba shi naka ka ɗora ciko. Naka kuwa masu tasin dogon zango ido rufe suke neman irinsa, ba zai kwana a shagonsa ba. In ya tafi ya tafi."

"Kai in kai ne, ya za ka yi?"

"Ni? Ni keke nake hawa, ka gan shi can a jingine."

Da ya koma gida ya tarar da Inna a kan 'yar kujerarta a bakin ɗaki, ta miƙe ƙafafu tana shafa man zafi a gwiwa. A gefenta ga jakar da take tara wa Auta kaya kaɗan-kaɗan, yau sabulu, gobe man shafawa, har da wasu silifas da ta sa aka sayo girman ƙafarsa na da, ba ta sani ba ko yanzu sun yi masa yawa. Kawu ya ci abinci bai san me ya ci ba. Sannan ya ɗauki murfin tukunya da murfin kwalba ya haɗa bakinsu, ya fara yi mata bayani, wannan yana juya wannan.

"Malam, ajiye mini murfina. Ni duk wannan faranti ban gane ba. Za mu je ko ba za mu je ba?"

"Za mu je. Sai dai a hankali."

"Za mu isa?"

Ya juya murfin kwalbar a hannunsa.

"In mun tashi tun da duhu, wataƙila."

"Da wane idon? Kai da ko da magariba sai ka riƙa tambayata akuya ce a gabanmu ko mutum?"

"To mu tafi tun ana gobe."

"Mu kwana a gidan wa? Kuma Mai Bulo zai sake ka kafin faɗuwar rana?"

"In ban canza ba dai, aiki ya tafi."

"In aiki ya tafi, da ruwan tulu za ka cika tanki mu je?"

"Abin da nake faɗa ke nan."

"To ka canza."

"In na canza kuma injin ya kwanta mana a daji fa?"

"To kada ka canza."

"Ke kuma! Ina neman shawara kina bi na duk inda na juya."

Ta rufe kwalbar man zafin, ta goge yatsunta a gefen zane.

"Me kake so in ce maka? Kai ka san mota. Ni ɗana na sani."

Kwanakin da suka biyo baya Kawu ya zama mai tambaya. Duk direban da ya tsaya shan shayi kusa da shi sai ya ji labarin bakasul. Wani ya ce canza, ai ni na yi, har yau ina godiya. Wani ya ce kada ka kuskura, yayana ya yi, motar ta koma shan mai kamar ana zuba wa rami. Wani ya ce sa ƙananan tayoyi, da aka duba sai aka ga ba za su ɗauki nauyin bulo ba. Kowa ya faɗi tasa ya shanye shayinsa ya tashi, aka bar Kawu da kofi yana hucewa.

Ya gwada taho wa tudun da gudu tun daga nesa, amma kwanar tanki ta cinye gudun, ya koma inda yake. Sai ya tuna wata tsohuwar dabarar direbobin da: giyar baya ta fi giya ɗaya ƙarfi. Ya juya motar, ya ba tudu baya, ya leƙo da kai ta taga ya fara hawa da baya-baya da cikakken lodi. Kuma ta hau! Tana nishi tana karkarwa amma tana hawa. Masu shaguna suka fito suna tafi, wata mai sayar da lemo ta ce, "Baba, ka yi fushi da tudun ne ba ka son ganin fuskarsa?" Leburori suna gefe suna ba shi hannu, dama, dama, hagu kaɗan. A daidai kwana wuyansa ya riƙe, idonsa ya kawo ruwa, gefen bodi ya gogi katangar tanki. Layin bulo guda ya zame ya tarwatse a kan hanya.

Ya kai sauran sama dai. Da ya dawo wajen buga bulo, wuya a karkace, sai ya ga wata farar mota sabuwa fil a inuwar da ya saba ajiye tasa. Mai ita yana zaune a kan benci da Mai Bulo suna raba goro. Mai Bulo ya ɗaga masa hannu da fara'a, fara'ar mutumin da bai so aka gan shi ba.

Kawu bai kashe mota ba. Ya juya ya nufi gareji.

"Kwance bakasul ɗin," ya ce wa Likita.

"Ka yi shawara da Inna?"

"Kwance, Likita, kafin in sake tunani."

Yana tsaye aka zare ƙusoshi, baƙin mai ya tsiyaye a cikin wani tsohon kwano, aka fito da farantin da ya kai su gidan yari ya dawo da su duk watannin nan. Haƙoransa sumul, suna ƙyalli, ko ɗaya bai karye ba. Mai tsofaffin kaya ya zo da kansa, ya shafa su da yatsa, ya ce masha Allah, ya naɗe a buhu ya ɗaure a bayan babur. Kawu ya bi babur ɗin da ido har ya sha kwana.

Gaskiyar Likita, aikinsa ya yi kyau. Washegari motar ta tunkari tudu da lodi har da ƙari, ta shiga kwanar tanki ba ta ko yi tari ba. Leburori suna saman kaya suna ihu suna dukan rufin mota. Mai Bulo ya zo da kansa ya gani, ya dafa kafaɗar Kawu ya ce aikin makaranta nasa ne. Farar motar ba ta sake zuwa gaisuwa ba. Kawu ya so ya yi murna, murnar ta ƙi zama.

Ranar ziyara suka tashi da zarar ido ya fara rarrabe mutum da bishiya. Ya ɗauko Inna ya zaunar a gaba, ya sa mata matashi a ƙarƙashin gwiwa, jakar Auta a cinyarta. Ya cika jarkoki biyu da ruwa ya ɗora a baya. A cikin gari komai lafiya. Suna hawa babbar hanya ya sa giyar ƙarshe, sai hannunsa ya sake kai wa sandar giya yana neman wata, babu. Injin ya ɗauki kuka. Allurar gudu tana nuna masa irin gudun da, amma ƙarya take yi, bishiyoyin gefen hanya sun san gaskiya. Tasi suka wuce su. Bas ta wuce su. Wata babbar mota shaƙe da buhuna ta bi bayansu tana hura musu ƙaho, ta gaji ta wuce.

"Malam, ƙara wuta mana."

"In na ƙara ba za mu isa ba sam."

Ba ta gane ba, ba ta kuma sake tambaya ba. Allurar zafi ta fara hawa. Ya rage gudu, ta tsaya, ya ƙara kaɗan, ta ci gaba. Da ta taɓa ja ya sauka gefen hanya ya buɗe bonet. Ba a buɗe lagireto, tankin ruwan injin, da zafinsa, dole a jira. Ya tsaya da tsumma a hannu yana sauraron ruwa yana tafasa a ciki, Inna kuma tana kallon inuwar motar tana ƙanƙancewa a ƙasa. Suka tashi, suka sake tsayawa. A tsayawar ƙarshe ta buɗe jaka ta fito da silifas ɗin ta duba, ta mayar.

Tun daga mararrabar da ake barin kwalta suka fara cin karo da masu dawowa, mata da jakunkuna wayam, wani tsoho yana share ido da hula. Babbar ƙofar gidan yarin a rufe take. Gandiroban da ke tsaye ya san su, ya matso tun kafin Kawu ya gama fitowa.

"Baba, yau kun makara."

"Ɗana, mota ce. Dubi uwarsa, ko sauka ba ta iya yi. Ko ta taga ne, ta gan shi kawai."

"Wallahi da a hannuna yake da na buɗe. An riga an mayar da su ciki."

"To kayan fa? Sabulu ne da takalmi."

"Mai binciken kaya ya tashi. Ku yi haƙuri, Baba. Wata mai zuwa ku yi sammako."

Kawu ya buɗe baki zai ce ai sammakon ke nan, sai ya fasa. Ya koma mota ya zauna, ya tallafi ƙofa da gwiwa ya rufe. Ya kasa duban gefen da take. Ya jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, ko wanne ya zo zai karɓa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana kallon doguwar katangar da wayar da aka naɗa a samanta.

"Wannan 'yar hanyar ta gefen katanga, mota tana bi?"

"Tana bi."

"Bi ta. Ka riƙa danna hon. Ya san kukan motar ubansa."

Ya sa giya ɗaya ya saki kuloci. Ko totur bai taɓa ba, motar ta kama tafiya da kanta, sannu-sannu, ba tangarɗa, tana hawa kan duwatsu tana sauka kamar mai tafiya a kan tabarma. Ya danna hon. Inna ta sauke gilashi ta leƙa da kai, ta ɗaga fuska sama.

"Auta! Mun zo! Mota ce ta yi zafi!"

Ya sake dannawa. Wani gandiroba a can saman hasumiya ya miƙe yana yi musu alama da hannu su bar wurin. Daga bayan katanga ba abin da ya fito sai ƙarar wani kwano da ya faɗi, da muryoyin maza da yawa da ba a rarrabewa. Inna ta karkata kunne tana nema a ciki.

Katangar ta ƙare a bakin wani kwalbati. Kawu ya taka birki.

"Juya mu sake bi," ta ce.

Ya dubi allurar zafi, ta fara hawa. Ya dubi rana, ya tuna tsawon hanyar da ke jiransu kafin duhu ya rufe masa ido. Sannan ya murza sitiyari ya juya.